Laƙabin Ƙasa da Salsalar Jini a Tarihin Kiwon Dawakin Larabawa

Tsakure

Masu kiwon dawakin Larabawa a duniya sun saba kasa su gida-gida da sunayen ƙasashe: ɗan Masar, ɗan Polan, ɗan Rasha, ɗan Sifaniya, da ɗan Crabbet na Ingila. Wannan maƙala ta bi salsalar wasu fitattun ingarmu da goɗiyoyi daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau domin auna waɗannan sunaye da abin da kundayen nasaba suka ƙunsa. An nuna cewa sunan ƙasa yana nuni ne ga bargar da aka haifi doki da kundin da aka rubuta shi, alhali kakanninsa sukan kasance sun ratsa ƙasashe uku ko huɗu. An kuma nuna cewa inda aka tsare laƙabin da sharaɗi mai tsanani na tsawon zuriya da yawa, laƙabin da kansa ya haifar da bambancin jinin da babu shi tun farko.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe takardar gwanjon dawakin Larabawa, a Amurka ne ko a Katar ko a Polan, abin da zai fara cin karo da shi a gefen sunan doki shi ne laƙabin ƙasa. Za a ce wannan ingarma ɗan Masar ne zalla, wancan ɗan Polan ne tsantsa, waccan goɗiya kuwa 'yar Rasha ce. Laƙabin yana taɓa farashi, yana yanke hukuncin wanda za a haɗa dokin da shi wajen barbara, har akwai gasannin da ba a shiga sai da shi. Mai sauraro zai ɗauka kowace ƙasa tana da nata tsatso wanda ya taho daga hamada ta hanyarsa shi kaɗai, bai gauraya da na kowa ba.

Bahaushe ya san irin wannan suna. Goron Gwanja a kurmin Asante yake tsirowa, Salaga ce kawai kasuwar da fatake suke ɗauko shi, amma sunan kasuwa ya bi kaya har Kano. Tambayar da wannan maƙala ta sa gaba ita ce: a cikin waɗannan laƙubba na dawaki, nawa ne sunan gona, nawa ne sunan kasuwa?

2.0 Rasan da marbaɗ

Larabawa makiyaya waɗanda suka raini wannan doki, musamman ƙabilun Anaza da Shammar da Muɗair da Ajman, ba su lissafa asalinsa da ƙasa ba, domin iyakokin Saudiyya da Siriya da Iraƙi da Jodan duk a ƙarni na 20 aka shata su, su kuwa suna kai da komo tsakanin Najad da gaɓar Furatu bisa ga ruwa da ciyawa. Suna lissafi ne da abubuwa biyu. Na farko shi ne rasan, watau babban dangi, irin su Kuhailan, Saƙlawi, Ubayyan, Hamdani, Hadban, Dahman da Ma'anaƙi. Na biyu shi ne marbaɗ, wanda ma'anarsa ta asali ita ce turken da ake ɗaure doki, watau gidan mutumin da aka san wannan reshe a hannunsa, kamar Saƙlawi Jadran na Ibn Sudan. Duka biyun ta wajen uwa ake gadonsu. Shaida kuwa ta baka ce, sai idan baƙo ya sayi doki ake rubuta masa hujja, dattawa su sa hatimi su rantse a kan abin da suka sani. Sha'awar nasabar dawaki tsohuwa ce a adabin Larabci, tunda Hisham bn al-Kalbi ya rubuta littafi a kanta tun ƙarni na biyu na Hijira.

Kundin nasaba irin na Turai wata dabara ce dabam. Wanda ya zama abin koyi shi ne na Ingila wanda gidan Weatherby ya fara bugawa a 1791, kuma tsarinsa shi ne kowace ƙasa ta riƙe littafinta, ta rubuta abin da aka haifa ko aka shigo da shi cikin iyakarta. Da dokin Larabawa ya shiga wannan tsari, sai ya wayi gari da wani abu wanda bai taɓa samu ba a hamada, watau takardar zama ɗan ƙasa.

3.0 "Ɗan Masar"

Dawakin da ake kira 'yan Masar sun samo tushe ne daga yaƙi da dukiyar gidan Muhammad Ali. Ɗansa Ibrahim Pasha ya rushe Dir'iyya a 1818, kuma dawakin Najad suna cikin ganimar da aka kwaso. Jikansa Abbas Pasha na ɗaya, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, shi ya mayar da tara dawaki babbar sana'a: ya aika wakilai zuwa ƙabilu suna saye da tsada, suna kuma rubuta shaidar dattawa a kan kowane dangi, abin da ya zama kundin da ake kira da sunansa a yau. Bayan rasuwarsa da ta ɗansa Ilhami aka yi gwanjon dawakin a 1860, Ali Pasha Sharif ya sayi kaso mai yawa, ya ci gaba da kiwonsu a Alƙahira har ya rasu a 1897. Ke nan ko a wannan mataki na farko, "ɗan Masar" yana nufin dokin Najad ko na hamadar Sham wanda wani basaraken Alƙahira ya mallaka.

A nan ne Turawa biyu suka shigo labarin. Wilfrid Blunt da matarsa Lady Anne sun kafa bargar Crabbet a Sussex ta Ingila a 1878 da dawakin da suka saya a wajen Halab da gaɓar Furatu, sannan suka je har Ha'il wurin Ibn Rashid. Daga cikin goɗiyoyinsu akwai Dajania da Queen of Sheba, da kuma Rodania, wadda ta fito daga hannun Ruwala, aka ƙwace ta a hari, su kuma suka saye ta a 1881. Babu ɗaya daga cikin waɗannan uku da ta fito daga bargar wani sarkin Masar. A 1882 suka sayi lambun Shaikh Ubaid kusa da Alƙahira, suka riƙa sayen abin da ya rage na Ali Pasha Sharif. Mafi shahara a cikinsu shi ne jan ingarman nan Mesaoud, wanda aka haifa a 1887, aka kai shi Ingila a 1891, ya haifi 'ya'ya da goɗiyoyin hamadar Sham, sannan aka sayar da shi ga wani mai kiwo a daular Rasha a 1903.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga wannan nazari. Ƙungiyar noma ta masarautar Masar, wadda ta fara kiwon dawaki a 1908, ta ga jinin Abbas Pasha ya yi ƙaranci a gida, sai ta koma Ingila a 1920 ta sayo dawaki daga Crabbet. A cikinsu akwai ingarma Kazmeen da goɗiyoyi biyu, Bint Riyala da Bint Rissala, waɗanda dukansu ta wajen uwa suke komawa ga Rodania. Kazmeen ya haifi Bint Samiha, ita kuma a 1934 ta haifi Nazeer, kilin ingarman da kusan babu wani "ɗan Masar zalla" a duniyar yau da ba ya ɗauke da jininsa, sau da yawa ma ta hanyoyi biyar ko goma. Kakan Nazeer na wajen uwa, ke nan, a cikin ciyawar Sussex aka haife shi, kuma ta hanyarsa Nazeer ya gaji Queen of Sheba da Dajania tare da Mesaoud. Wanda kuma ya ɗauko Nazeer daga wani wurin barbara na ƙauye ya mai da shi shugaban barga, Janar Tibor von Pettko-Szandtner, mutumin Hangari ne, tsohon shugaban bargar Babolna, wanda ya riƙe bargar gwamnatin Masar daga 1949 zuwa 1959. Zaɓinsa ne ya fito da siffar da ake yi wa kallon ta Masar a yau: ƙaramin kai mai lotsawa a karan hanci, manyan idanu, da siririn wuya. A zamaninsa ne, bayan juyin mulkin 1952, bargar ta koma suna El Zahraa.

Akwai wata ƙofa kuma da jini ya shigo ta cikinta. Bargar Inshas ta Sarki Fu'ad da ɗansa Faruk ta karɓi kyautar goɗiyoyi daga Sarki Abdul'aziz na Saudiyya tsakanin shekarun 1920 da 1940, kuma zuriyarsu duk 'yan Masar zalla ake kiransu. A ɗaya gefen, Larabawan Ɗahawiyya da suke zaune a lardin Sharƙiyya na Masar tun ƙarni na 19, waɗanda suke sayo dawaki daga hamadar Sham da hujjojinsu a rubuce, mafi yawan dawakinsu ba su shiga kundin gwamnati ba. Goɗiyoyi uku ne daga cikinsu suka shahara da samun shiga, Fulla da Futna da Bint Barakat, su ma ta hanyar bargar Hamdan. Sai ga shi dokin da aka haifa a Masar, a hannun Balarabe mazaunin Masar, yana waje da laƙabin, wanda aka haifa a Texas kuwa yana ciki.

4.0 Tafiyar Skowronek da jikokinsa

Idan ana neman salsala guda da za ta nuna yadda waɗannan sunaye suke zamewa a hannu, ta Skowronek ta isa. An haifi wannan kilin doki wajen 1909 a bargar Antoniny ta Count Jozef Potocki. Ana kiransa ɗan Polan, amma a wannan shekara babu ƙasar Polan a taswira. Antoniny tana ƙarƙashin daular Rasha, a yau kuwa tana cikin Yukren. Ubansa Ibrahim daga gabas aka kawo shi ta hanyar Istanbul, uwarsa Jaskolka kuma ta fito daga tsofaffin dawakin sarakunan gargajiyar Polan. Wani Ba'amurke mai sassaƙa, Walter Winans, ya kai shi Ingila a 1913, kuma wannan tafiya ce ta tserar da shi daga ɓarnar juyin juya halin 1917, wadda ta shafe mafi yawan waɗancan barguna. A 1920 Lady Wentworth, 'yar Blunt, ta mallake shi, ta haɗa shi da jikokin Mesaoud. Daga nan ya zama ginshiƙin abin da ake kira jinin Crabbet. 'Ya'yansa Raseyn da Raffles suka tafi Amurka, suka cika ta da zuriya.

Wani ɗansa, Naseem, wanda aka haifa a 1922, yana cikin dawaki 25 da Tarayyar Sobiyat ta saya daga Crabbet a 1936 ta kai bargar Tersk a yankin Kaukasus. A can aka haɗa shi da Taraszcza, goɗiyar Polan wadda take cikin dawakin da sojojin Sobiyat suka kwashe a 1939, suka haifi Negatiw a 1945. Negatiw ya haifi Nabor a 1950 da wata goɗiyar da ita ma haifaffiyar Polan ce, Lagodna. An kai Nabor Polan a tsakiyar shekarun 1950, ya yi barbara a Michalow, sannan a 1963 aka kai shi Amurka, aka ƙara wa sunansa harafi ya zama Naborr, kuma a 1969 aka sayar da shi a gwanjo kan dala 150,000. Ya shiga kundin Amurka ne da takardun Polan, a lokacin da hukumar rajistar ƙasar ba ta karɓar dawakin da suka zo kai tsaye daga Tersk, sai a ƙarshen shekarun 1970 ta buɗe musu ƙofa. Ubansa Negatiw shi ma ya koma Polan a 1962 ya haifi Bandos.

To, wane laƙabi ya dace da Naborr? An haife shi a Rasha, uwarsa da kakarsa ta wajen uba 'yan Polan ne, kakansa haifaffen Ingila ne wanda yake ɗauke da jinin Mesaoud na Alƙahira da na Dajania ta hamadar Sham, kakan ubansa kuma daga Yukren ta yau ya fito. Masu kiwon Rasha suna lissafa shi nasu, na Polan suna lissafa shi nasu, masu ƙididdigar jinin Crabbet su ma suna fitar da kasonsu daga jikinsa. Kowannensu yana da gaskiya bisa ga ma'aunin da ya ɗauka, domin ma'aunan ne suka bambanta.

5.0 Polan, Rasha da Sifaniya

Na Polan suna da hujjar cewa nasu tsohon tsatso ne, kuma haka ne. Gidajen Sanguszko a Slawuta da Branicki a Biala Cerkiew sun daɗe suna aika mutane gabas su sayo dawaki, kuma goɗiyoyi uku da Juliusz Dzieduszycki ya kawo daga hamada a 1845, Gazella da Mlecha da Sahara, har yau zuriyarsu tana nan. Sai dai yaƙe-yaƙen duniya biyu sun sa an sake gina garken kusan daga tushe sau biyu, kuma kowane karo da kayan aro. A 1931 Bogdan Zietarski da Carl Raswan suka yi tafiya a madadin Yarima Roman Sanguszko, suka kawo Kuhailan Haifi daga hamada da Kuhailan Afas daga Bahrain. Kuhailan Haifi ya haifi Ofir a 1933, Ofir ya haifi Witraz, Witraz ya haifi Bask a 1956, dokin da ya zama alamar "ɗan Polan" a Amurka bayan an kai shi a 1963. Zuriya uku kacal ke tsakanin Bask da hamada ta wajen uba. Ta wajen uwa kuwa kakansa Amurath Sahib ne, wanda salsalarsa ta maza take komawa ga Bairactar na bargar Weil, wadda Sarkin Wurttemberg ya kafa a Jamus a 1817.

Na Rasha ya fi sauƙin bayani, domin tushensa barga ɗaya ce, watau Tersk, kuma an san abin da aka zuba a tukunyar: dawakin Faransa a 1930, cikinsu har da ingarma Kann, na Crabbet a 1936, na Polan a 1939 har da Ofir kansa, sai kuma Aswan. Wannan ɗan Nazeer ne da aka haifa a El Zahraa a 1958 da sunan Raafat, gwamnatin Nasir ta ba Tarayyar Sobiyat shi kyauta a 1963 saboda taimakon gina madatsar ruwan Aswan, aka sauya masa suna. Ya mamaye garken Tersk na tsawon shekaru kusan ashirin, kuma ɗansa Palas ya tafi Polan a 1972 ya shiga kundinsu. Abin da ya mayar da wannan gauraye "ɗan Rasha" shi ne tsarin zaɓe na hukuma: gwajin sukuwa a filin Pyatigorsk, auna jiki, da cire duk wanda bai kai ba.

A Sifaniya, bargar soja ta sayo Wan Dick da Ursus daga Biala Cerkiew da Seanderich daga gabas a farkon ƙarni na 20, Duke na Veragua kuma ya sayo goɗiyoyin Crabbet, har da 'ya'yan Skowronek. An kashe shi a yaƙin basasa a 1936, takardunsa suka salwanta, aka rubuta wasu goɗiyoyinsa a matsayin tsarkakakku ba tare da sanin takamaiman iyayensu ba. Bayan haka ƙasar ta yi shekaru da yawa kusan ba ta shigo da sabon jini ba. Wannan rufewa ce ta ba ɗan Sifaniya kamanninsa.

6.0 Wa ya raɗa sunayen?

Abin lura shi ne waɗannan laƙubba, a matsayin rukunan kasuwa masu sharuɗɗa, sun fi ƙarfi a Amurka, kuma a can aka tsara mafi tsananinsu. Dalili a fili yake. Amurka ce ƙasar da duk waɗannan rassa suka haɗu a cikinta: dawaki 27 da Homer Davenport ya kawo daga wajen Halab a 1906 da izinin Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu, na Crabbet da W. K. Kellogg ya sayo a 1926, na Masar da Henry Babson ya kawo a 1932, sannan na Polan da suka kwararo daga ƙarshen shekarun 1950. Mai kiwo a Janow bai buƙatar ya ce dokinsa ɗan Polan ne, tunda duk na kusa da shi haka suke. Wanda yake sayarwa a Arizona shi ne yake buƙatar kalmar da za ta raba hajarsa da ta maƙwabcinsa, musamman a shekarun 1970 da farkon 1980 lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabo, kafin gyaran dokar haraji na 1986 ya karya kasuwar.

Ƙungiyar Pyramid Society, wadda aka kafa a Amurka a 1969, ita ta rubuta ma'anar "ɗan Masar zalla". Ma'anar ba ta dogara ga wurin haihuwa ba ko kaɗan. Jerin tushe ne: dole kowane reshe na salsalar doki ya ƙare a kan dawakin da aka amince da su, waɗanda suka haɗa da na Abbas Pasha da Ali Pasha Sharif, da waɗanda hukumar noma ta Masar ta yi amfani da su wajen gina garkenta, da kakanninsu. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe ce Rodania da Queen of Sheba suka zama 'yan Masar bayan mutuwarsu da shekaru masu yawa. Amma an ware sunaye biyu daga cikin waɗanda hukumar ta yi amfani da su, Registan da Sharkasi, aka hana zuriyarsu laƙabin. Registan ɗan Skowronek ne da aka kawo daga Crabbet, kuma masu tsananta batun asali sun daɗe suna tuhumar wasu kakannin Jaskolka, waɗanda littattafan Slawuta suka rubuta ba tare da danganta su ga wata ƙabila ta hamada ba. Ke nan dawaki biyu sun fito daga barga ɗaya ta Sussex, sun sauka a barga ɗaya ta Masar, ɗaya ya zama tushen laƙabin, ɗaya ya zama abin da yake karya shi. A ganina hukuncin yana da hujjarsa idan abin da ake karewa shi ne tabbacin komawa ga hamada, amma sunan da ya dace da wannan manufa shi ne asili, kamar yadda ƙungiyoyin Al Khamsa a Amurka da Asil Club a Jamus suke amfani da shi. Sanya masa sunan ƙasa ya haɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba.

"Ɗan Polan tsantsa" kuwa ba shi da wata hukuma guda da ta ɗaure ma'anarsa haka. A aikace yana nufin dokin da salsalarsa take komawa ga kundin Polan, kuma kundin a buɗe yake ga duk ingarman da bargunan gwamnati suka ga dama suka shigo da shi. "Crabbet" sunan gida ɗaya ne wanda aka rufe a farkon shekarun 1970, ana kuma lissafa shi da kaso cikin ɗari. Don haka idan aka jera laƙubban nan biyar a layi ɗaya kamar 'yan uwa, an jera abubuwan da ba jinsi ɗaya ba ne: jerin kakanni, kundin ƙasa, gidan attajiri, gonar gwamnati, da garken da tarihi ya rufe wa ƙofa.

Ƙungiyar dawakin Larabawa ta duniya, WAHO, wadda aka kafa a 1970, ta kauce wa rigimar gaba ɗaya. Ma'anar da ta tsayar a 1974 ita ce tsarkakken dokin Larabawa shi ne wanda yake cikin kowane kundin da ƙungiyar ta amince da shi. Wannan ya sauƙaƙa ciniki tsakanin ƙasashe, amma ya juya tarihi a kansa, domin ƙasashen da dokin ya fito daga cikinsu, irin su Siriya da Saudiyya da Bahrain, su ne suka koma suna shirya kundaye irin na Turai suna neman a amince da su.

7.0 Shaidar ƙwayoyin gado

Binciken kimiyya ya taɓa ɓangarori biyu. A 2000 Ann Bowling da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gwada ƙwayar gadon maitokondiriya, wadda ta wajen uwa kaɗai ake gadonta, a dawakin Amurka waɗanda salsalarsu take komawa ga goɗiyoyi 34 na tushe. Sun sami nau'i 27 mabambanta, kuma sun ga cewa dawakin da suke ɗauke da sunan rasan ɗaya ba lallai ne su haɗa uwa ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa tsarin Larabawan ma yana da nasa tarihin zamantakewa: suna yakan rabu gida biyu, yakan sauya idan goɗiya ta shahara a sabon turke. Saboda haka kuskure ne a ɗauki rasan a matsayin ma'aunin jini marar aibi a jefar da laƙabin ƙasa a matsayin ƙirƙira zalla. Bambancinsu shi ne rasan bai taɓa da'awar iyaka ba.

Binciken Elissa Cosgrove da abokan aikinta, wanda aka buga a 2020 a kan dawaki 378 daga ƙasashe 12, shi ya fi shafar batunmu kai tsaye. Ya gano cewa dawakin yankin Gabas ta Tsakiya sun fi na Turai da Amurka yalwar bambancin gado, cewa wasu dawakin sukuwa masu rajistar Larabawa suna ɗauke da jinin dokin tseren Ingila na kwanan nan, kuma cewa 'yan Masar zalla sun fita a matsayin rukuni na dabam mai kusancin jini da yawa a tsakaninsu. Mai karatu da gaggawa zai ce wannan ya tabbatar da laƙabin. Ya tabbatar da shi, amma ta bayan gida. Idan aka ɗauki dawaki kaɗan, aka hana zuriyarsu haɗuwa da kowa sai junansu na fiye da rabin ƙarni, aka kuma riƙa komawa ga ingarma ɗaya kamar Nazeer, dole su bambanta da sauran a gwaji. Sharaɗin 1969 ne ya gina katangar, jinin ya taru a bayanta. Wannan yana da farashinsa, domin cutar nan ta gado da ake haifar duƙushi da launin toka-toka da farfaɗiya ya mutu cikin kwanaki an fi saninta a zuriyar Masar, kuma masu kiwo yanzu gwaji suke yi kafin barbara.

8.0 Halin da ake ciki

Daga shekarun 1990 bargunan Katar da Kuwait da Saudiyya da Daular Larabawa suka zama manyan masu saye, kuma da yawa daga abin da suka saya da sunan ɗan Masar daga Amurka da Jamus ya fito. Ansata Halim Shah, haifaffen Amurka a 1980, ya yi barbara a Jamus kafin a kai shi bargar Al Shaqab ta Katar a 1994. Bargunan gwamnatin Polan su ma suka shiga aron ingarmu daga waje: Monogramm, haifaffen Amurka, jikan Bask ta wajen uba kuma ɗan goɗiyar Tersk, ya haifi Ekstern da Kwestura a Michalow.

A 2003 aka haifi Pianissima a Janow Podlaski, goɗiyar da ta lashe gasar duniya ta Faris fiye da sau ɗaya, mutanen Polan kuma suke alfahari da ita a matsayin abin da bargarsu ta fitar. Ubanta Gazal Al Shaqab a Katar aka haife shi a 1995, daga uwa mai jinin Polan da uba ɗan Masar zalla haifaffen Amurka, Anaza El Farid, wanda salsalarsa ta maza take bi ta Ruminaja Ali da Shaikh Al Badi da Morafic ta isa ga Nazeer. Kundin Polan ya rubuta ta a matsayin tasa. Masu kiwon Amurka da suke riƙe da kalmar "tsantsa" kuwa sun rabu a kan ko jinin da ya shigo ta irin wannan aro yana karya laƙabin, alhali yawancinsu sun daɗe da karɓar zuriyar Palas, wanda shi ma jikan Nazeer ne.